Ƙauye ko cikin gari: yadda za ka zaɓi wurin zama a kewayen Cardiff

Wanda aikin asibiti, koyarwa ko karatu ya kai Cardiff, babban birnin Wales, ba ya daɗewa kafin idonsa ya faɗa kan ƙauyukan da ke kewaye da birnin. Cardiff ba ƙaton gari ba ne, ƙidayar 2021 ta nuna mutum wajen 362,000, shi ya sa tafiyar minti ashirin a mota ta isa ta fitar da kai zuwa inda babu komai sai gonaki, tumaki da gidajen dutse. Sai dai wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi yakan zo da zaton cewa ƙauye araha ne, gari kuma tsada. A nan sau da yawa ba haka abin yake ba. Ƙauyukan gonaki da ke yamma da birnin na masu hannu da shuni ne, arahar tana can arewa, a tsofaffin garuruwan haƙar kwal.

Zaɓi uku za a auna a nan. Na farko ƙauyen gonaki da ba shi da tashar jirgin ƙasa, irin su Peterston-super-Ely, Pendoylan, St Nicholas, Bonvilston da Llancarfan a yankin Vale of Glamorgan, ko Pentyrch da Creigiau. Na biyu ƙauye mai tashar jirgi, irin su Taff's Well, Pontyclun, Llanharan, Dinas Powys da Rhoose. Na uku zama a cikin birnin kansa, a unguwanni irin su Grangetown, Riverside, Roath da Cathays, domin sai da shi za a gane abin da aka samu da abin da aka bari idan an fita.

Abubuwan da za a auna

Gaba da komai akwai hanyar zuwa aiki, musamman ko za ka iya rayuwa a wurin ba tare da mota ba. Wannan ya fi kuɗin haya muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi ranar da aka je duba gida cikin rana mai daɗi. Lasisin tuƙin Najeriya ko Nijar yana aiki wata 12 ne kawai daga ranar da ka zama mazaunin Birtaniya, ba a kuma musanya shi da na ƙasar. Dole ka ci jarrabawar rubutu, fam 23, sannan ta tuƙi, fam 62, layin jiran ta tuƙin kuwa yakan ɗauki watanni. Wanda ya tare a ƙauyen da ba jirgi, wata 12 suka cika bai ci jarrabawa ba, ya zama ɗan kurkuku a gidansa.

Bayan haka sai kuɗin gida da harajinsa, da abin da ake ɗumama gidan da shi, da ƙarkon ginin, da haɗarin ambaliya, da makarantar yara, da nisan masallaci da kasuwar halal.

Akwai dokokin da suka shafi duk zaɓin uku, kuma sun bambanta da na Ingila. Tun 1 ga Disamba 2022, mai gida ba zai tashi ɗan haya haka kawai ba sai ya ba shi sanarwar wata shida, ba kuma zai ba da sanarwar a cikin wata shida na farko ba. Dole mai gida ya yi rajista da Rent Smart Wales, kana iya dubawa a intanet kafin ka biya ko sisi. Kafin alƙalamin riƙe gida bai wuce hayar mako ɗaya ba. Mai saye kuma ba ya biyan harajin sayen gida idan farashin bai haura fam 225,000 ba. Daga nan zuwa fam 400,000 ana cire kashi 6 cikin ɗari na abin da ya hau, daga nan kuma zuwa fam 750,000 kashi 7.5. Wato gidan fam 180,000 ba haraji, na fam 300,000 harajinsa fam 4,500, na fam 450,000 kuma fam 14,250. Maganin da likita ya rubuta kyauta ne a duk Wales tun 2007.

Ƙauyen gonaki mara jirgi

Wannan shi ne ƙauyen da ake gani a hoto: tsohuwar coci, mashaya ɗaya, zauren taron ƙauye, ƙaramar firamare, da shiru. Yaro zai samu fili, iska mai kyau, da hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi ta cikin gonakin mutane. Sata da hayaniya kaɗan ne. Babu mai musun wannan.

Ta fuskar farashi, shi ne mafi tsada cikin ukun. Matsakaicin kuɗin gida a Vale of Glamorgan ya ɗara na Cardiff, a waɗannan ƙananan ƙauyuka kuma ya ɗara matsakaicin yankin nesa, domin yawancin gidajen manya ne masu zaman kansu da lambu. Gidan haya ba ya yawan fitowa, in ya fito kuma nan da nan ake ɗauke shi. Harajin ƙaramar hukuma a Wales yana da mataki tara, daga A zuwa I, bisa darajar gida a 2003, gidajen waɗannan ƙauyuka kuwa sukan faɗa a matakan sama. Ka tambayi matakin gidan tun kafin ka je dubawa.

Babbar matsalarsa zirga-zirga ce. A Peterston-super-Ely layin dogo na Cardiff zuwa Swansea yana ratsa ƙauyen, jirage na wucewa dare da rana, amma ba tasha. Ƙauyukan da ke kan titin A48, irin su St Nicholas da Bonvilston, suna da bas mai lamba X2 da ke bi ta garin Cowbridge, wannan da sauƙi. Waɗanda ke can ciki kuwa bas ɗinsu jefi-jefi ne, da yamma ya ƙare, ranar Lahadi wani lokaci babu ko ɗaya. Iyalin da miji da mata duk suke fita aiki mota biyu suke buƙata, kowace da inshorarta, harajinta da gwajin lafiyarta na shekara-shekara. Inshorar sabon direba a Birtaniya kuwa ba wasa ba ce.

Hanyoyin ma sai an koye su. Siririn titi ne mai ɗaukar mota ɗaya, da shingen itatuwa da ya fi mota tsayi hagu da dama, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Idan kuka yi kiciɓis da tarakta ko motar madara, wanda ya fi kusa da wurin kaucewa shi zai koma da baya, ko da mita ɗari ne, cikin duhu. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, wato fita da dawowa duk a duhu ake yi. Motar zuba gishiri don narkar da ƙanƙara manyan tituna take bi, ba ta shiga lungunan. Da safe kuma duk motocin ƙauyukan a mahadar Culverhouse Cross, mashigar Cardiff ta yamma, suke haɗuwa, tafiyar minti ashirin ta koma arba'in.

Sai ɗumama gida, inda baƙi suka fi shan mamaki. Gidaje da yawa a nan bututun gas bai kai musu ba, da kananzir suke ɗumama ɗaki da ruwa. Tankin yana bayan gida, yawanci mai cin lita 1,000 zuwa 1,300. Kamfanoni ba sa kawo ƙasa da lita 500, kuɗin kuma a dunƙule ake biya, ba wata-wata ba. Ƙayyade farashin da hukuma ke yi wa gas da lantarki bai shafi kananzir ba. A Maris 2022 lita ɗaya ta haura fam ɗaya. Dabarar ita ce a cika tanki da bazara lokacin da farashi ya sauka, a kuma shiga ƙungiyar maƙwabta masu yin oda tare. Kada ka bari tankin ya ƙafe: iska za ta shiga bututu, tukunyar ɗumamar ta ƙi tashi ko bayan an zuba mai, sai an kira makaniki ya fitar da iskar. A sa wa tankin makulli, domin ana satar man. Wasu gidajen kuma ba su haɗe da magudanar gari, ramin sokawe gare su, wanda ake yi wa rajista da hukumar muhalli ta Natural Resources Wales, ana kuma kwashe shi kusan sau ɗaya a shekara. Zuba man girki ko sinadarin wanki mai ƙarfi a ciki yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar, ramin ya toshe.

Ƙarkon gini kuwa, gidan dutse ya ga shekara ɗari biyu kuma zai ƙara wasu, amma yana da sharaɗi. Bangonsa ba shi da rata a tsakiya, yana shan danshi yana fitarwa. Idan wani ya shafe shi da siminti maimakon farar ƙasa, danshin ya maƙale a ciki, fumfuna ta fito a bayan kabad da kusurwar ɗaki. Duba takardar ingancin ɗumin gidan, mai mataki daga A zuwa G. Doka ba ta yarda a ba da hayar gidan da ya gaza E ba, amma E ɗin ma gida ne mai cin kuɗi da hunturu. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da hukumar Cadw ke karewa, ko taga ba za ka canja ba sai da izini.

Ƙauye mai tashar jirgi

Waɗannan ba su kai na farko kyan gani ba. Taff's Well, alal misali, layin gidaje ne a matse tsakanin kogin Taff, titin A470 da duwatsu, ana jin ƙarar motoci. Amma dutsen Garth yana tsallaken kogi, hanyar keke ta Taff Trail tana bi ta wurin har cikin Cardiff, jirgi kuma ba ya kai minti ashirin zuwa tsakiyar gari. A nan ne ma aka gina babbar ma'ajiyar sababbin jiragen South Wales Metro, kuma jiragen Treherbert, Aberdare da Merthyr duk ta nan suke bi, don haka ba a daɗe ana jira.

Ba duk tasha ce ɗaya ba, a lura da wannan sosai. Dinas Powys tana da tasha biyu a layin Barry, jirage a kai a kai, ga asibitin Llandough a kusa. Pontyclun da Llanharan kuwa jiragen da ke tsayawa ba su kai haka yawa ba, a Rhoose kuma, wadda aka sake buɗe layinta ga fasinja a 2005, kusan ɗaya ne a awa. In ya wuce ka, ka yi asarar awa guda. Ma'aikacin jinya da ke karɓar aiki ƙarfe bakwai na safe ya buɗe jadawalin ranar Lahadi ya duba jirgin farko, domin ranar a makare suke farawa. Babban asibitin Cardiff da ke unguwar Heath ba a bakin tasha yake ba, akwai 'yar tafiyar ƙafa. Mai aiki a asibitin Royal Glamorgan da ke Llantrisant, Pontyclun ce ta fi masa kusa. Ɗalibin jami'ar South Wales a Treforest kuwa tashar tana jikin makarantar.

Farashi ya rabu biyu. A ɓangaren Rhondda Cynon Taf, yankin kwarin kwal da Taff's Well, Pontyclun da Llanharan suke ciki, matsakaicin kuɗin gida yana ƙasa da na Cardiff da wajen fam dubu ɗari, kuma gidaje da yawa ba su kai matakin harajin saye ba. Iya nisanka arewa cikin kwarin, iya saukar farashi. Pontyclun ta fi maƙwabtanta tsada, Dinas Powys kuwa farashin Vale gare ta. Kusan duk gidajen suna da gas da magudanar gari, intanet mai ƙarfi ya kai, akwai kanti, kemis da likitan unguwa da za a taka da ƙafa. Iyali na iya zama da mota ɗaya, marar iyali ma ba mota.

Haɗarin wannan zaɓi ruwa ne da tsohuwar haƙar kwal. A Fabrairu 2020 guguwar Dennis ta sa kogin Taff ya yi ambaliya ya shiga gidaje a Nantgarw, Taff's Well da Pontypridd, tsibin ƙasar kwal kuma ya zaftare a Tylorstown. A Disambar shekarar ruwa ya shiga gidaje a Dinas Powys. A Nuwamba 2024 guguwar Bert ta sake cika titunan Pontypridd. Wannan ba ya nufin a guje wa yankin, domin a ƙauye ɗaya wani layi yana cikin haɗari, na samansa da mita hamsin kuma lafiya lau. Abin yi shi ne ka sa lambar unguwar gidan a taswirar ambaliya ta Natural Resources Wales, kyauta ce, ka kuma nemi farashin inshora kafin ka sa hannu. Tsarin Flood Re yana rage tsadar inshorar gidajen da ke bakin ruwa, amma bai shafi gidan da aka gina daga 2009 zuwa yau ba. Mai saye ya sa lauyansa ya nemo rahoton haƙar ma'adinai na ƙasan gidan, ya duba taswirar tsibin kwal da gwamnatin Wales ta wallafa. Akwai kuma wani tsiro mai naci da ake kira Japanese knotweed, ya yi yawa a bakin koguna da layin dogo na kudancin Wales. Idan yana lambun gida, banki na iya ƙin ba da bashin saye sai an nuna shirin kashe shi na shekaru.

Cikin gari

Ba sai an tsawaita ba. Haya ta fi ta kwarin kwal tsada, gidajen a jere suke bango ɗaya, lambu ɗan mitsitsi, wurin ajiye mota sai da takardar izini, ga hayaniyar ɗalibai a Cathays. Grangetown da Riverside ma suna bakin kogi, a duba taswirar ambaliya a nan ma. A madadin haka ba ka buƙatar mota ko kaɗan, kuma al'umma tana bakin ƙofa. Musulmi sun haura kashi 9 cikin ɗari na mutanen birnin, tarihinsu ya koma ga matuƙan jirgin ruwa 'yan Yemen da Somaliya da suka zauna a Butetown tun ƙarni na 19. Akwai masallacin Alice Street a Butetown, Dar ul-Isra da Shah Jalal a Cathays, da wasu da dama. Naman halal, doya, manja da busasshen kifi ana samu a City Road, Clare Road da Tudor Street. Cocin 'yan Afirka ma a gari suke.

Makaranta da addini, inda lissafin yakan canja

Yawancin firamaren ƙauyukan Vale na Cocin Wales ne, kamar na Peterston-super-Ely, Pendoylan da St Nicholas. Suna karɓar yaran kowane addini, sunansu kuma yana da kyau, amma iyaye su san cewa addu'ar safe ta Kirista ce, kuma ɗansu na iya zama shi kaɗai ne Musulmi ko baƙar fata a ajin. Wasu yaran ba ya damunsu, wasu yana yi musu nauyi. Ka je makarantar da kanka, ka tambayi shugabanta batun abincin rana da azumi. Abincin rana kyauta ne ga duk ɗan firamare a Wales, amma nama na halal ba ko'ina ba. A ƙauye yawanci abincin ganye ko kifi yaro zai zaɓa.

Harshen Welsh darasi ne na dole har shekara 16 a kowace makarantar gwamnati. Akwai kuma makarantun da da shi ake koyar da komai, kamar Ysgol Iolo Morganwg a Cowbridge. Firamaren Creigiau tana da ɓangare biyu, na Welsh da na Turanci. A wannan yanki kowa yana jin Turanci, masu jin Welsh a Cardiff wajen kashi 12 ne cikin ɗari, don haka harshe ba zai hana ka zama ba. Motar makaranta kyauta ce idan makarantar da ta fi kusa ta kai nisan mil 2 ga ɗan firamare, mil 3 ga ɗan sakandare. In ka zaɓi wata mai nisa da kanka, kai za ka riƙa kai shi.

Juma'a sau ɗaya ce a mako, ana iya jure tafiyar rabin awa da neman wurin fakin. Islamiyyar yara ce ke gajiyar da iyaye: yawancinta da yamma ake yi bayan an tashi daga boko, kwana huɗu ko biyar a mako, a cikin gari, daidai lokacin cunkoso. Haka tarawihi. Iyalai da yawa da suka fita ƙauye wannan zirga-zirgar ce take dawo da su, ba kuɗi ba.

| Abin aunawa | Ƙauyen gonaki | Ƙauye mai jirgi | Cikin gari |
|---|---|---|---|
| Kuɗin gida | Mafi tsada | Araha a arewa, tsada a Vale | Matsakaici zuwa tsada |
| Samun gidan haya | Da wuya | Ana samu | Da yawa, amma da rububi |
| Mota | Dole, galibi biyu | Ɗaya ta isa | Ba dole ba |
| Ɗumama gida | Sau da yawa kananzir | Gas | Gas |
| Gini | Dutse mai ƙarko, da danshi | Tsofaffin jeri da sababbi | Tsofaffin jeri da benaye |
| Babban haɗari | Ƙanƙara, kaɗaici, ambaliyar kogin Ely | Ambaliya, ramukan kwal | Hayaniya, ƙananan sace-sace |
| Masallaci da halal | Rabin awa a mota | Jirgi ko mota | Da ƙafa |

Wanne ya dace da wa

Sabon zuwa da bai samu lasisin Birtaniya ba ya zauna cikin gari shekarar farko, ko da gidan ya matse. Ya ci jarrabawar tuƙi, ya ga hunturu ɗaya, sannan ya yi maganar ƙauye. Haka ɗalibi, da wanda matarsa ba ta tuƙi kuma za ta wuni a gida da ƙananan yara. A ƙauyen da ba bas, wunin nan yana da tsawo ƙwarai.

Iyalin da ke son sayen gidansu na farko da albashin ma'aikacin jinya ko malami, ƙauye mai jirgi a ɓangaren Rhondda Cynon Taf ne ya fi musu, da sharaɗin gidan yana kan tudu kuma tashar ba ta wuce tafiyar minti goma da ƙafa ba. A ganina wannan ne zaɓin da ya fi dacewa da mafi yawan mutane. Mai aiki a Llandough da ke da ƙarfin aljihu ya duba Dinas Powys, ya nisanci layukan da ke bakin rafi.

Ƙauyen gonaki na wanda ya kafu ne: direba biyu a gida, mota biyu, ajiyar da za ta cika tankin kananzir ta kuma gyara rufi ba tare da an ci bashi ba, da yaran da suka yi wayo ko aka sama musu malamin Alƙur'ani ta intanet. Shi ma ya fara da haya kafin saye, ya kuma je duba gidan a watan Janairu da yamma, ana ruwa, ya gwada ko wayarsa tana kama sabis a cikin ɗaki, ya tuƙa daga ƙofar gidan zuwa wurin aikinsa ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na safe.